Kankaren da Na Ce Na Gani

Kawuna, wan mahaifiyata, ya yi shekara talatin da ɗaya yana feraye ƙarfe a wani shago da ke bayan tashar mota, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ba yabon ɗan'uwa nake yi ba, a tambayi duk mai injin niƙa ko injin ban ruwa a yankinmu. Idan sandar da ke juyawa a cikin inji ta cinye ko ta karye, wurinsa ake kai ta. Sai ya ɗauki ɗanyen ƙarfe ya ɗaura a injinsa, ya yi ta feraye shi kamar mai feraye rake, har ya fitar da sabuwar sanda da za ta zauna a gurbin tsohuwar ba ƙari ba ragi. A shekara ta talatin da biyu aka fara dawo masa da aiki, kuma ni na jawo.

A masaƙa ya koyi sana'ar. Da shara ya fara, har wani tsohon injiniya ya gaji da ganinsa tsaye da tsintsiya yana leƙen injin feraya, ya ce masa ya ajiye tsintsiyar ya matso. Shekararsa goma sha huɗu a can. Da aka buɗe iyaka, yadi mai arha ya cika kasuwa, masaƙar ta fara sallamar mutane ɗari-ɗari, daga baya ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Ranar da aka yi gwanjon kayanta, abokan aikinsa babura suka saya don yin haya. Shi kuwa ya sayi injin da yake aiki a kansa, wani ƙaton abu kore mai nauyin ƙaramar mota. Inna, matarsa, ta ce kwana uku ta yi ba ta kula shi ba. Shi dai ya raɗa wa injin suna Tsohuwa, ya ci gaba da harkarsa.

Kafin ya shigo da Tsohuwa shago sai da ya haƙa rami kamu biyu, ya shimfiɗa rodi, ya zuba kankare, ya yi kwana arba'in yana ba shi ruwa safe da yamma bai taɓa aiki ba. Maƙwabta suka ce kabari yake ginawa. Dalilinsa kuwa mai sauƙi ne. Injin feraya, idan ƙafarsa ɗaya ta nutse ko da kaurin takarda ne, jikinsa yakan murɗe, sandar ta fito gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ido ba zai gani ba. Boris ɗin injin manomi, wato zoben ƙwallayen da sandar ke juyawa a cikinsa, shi ne zai gani, bayan mako biyu ya dagargaje. Shi ya sa duk ranar Asabar da safe, kafin ya kunna komai, yakan ɗora ma'aunin ruwa a kan injin, ya durƙusa ya ƙura wa ɗigon da ke cikinsa ido har sai ya tabbata yana tsakiya.

Mahaifina ya rasu ina aji uku, Kawu ya ɗauke ni. Bai taɓa sa ni ko miƙo sifana ba. Ya ce hannuna na biro ne, kuma Mai Biro yake kirana har yau da nake da furfura a gemu. Ƙarfen da ya feraye shi ya kai ni jami'a na karanta tattalin arziki, abin da bai hana shi tsokanata ba duk lokacin da na je shagon.

"Mai Biro, bana me takardunku suka ce? Mun yi arziki ko da saura?"

"An ce za a samu bunƙasa kashi shida cikin ɗari, Kawu."

"To madalla. Ni dai injin niƙa goma aka kawo mini watan nan, injin ban ruwa biyu kacal. Mutane suna cin abin da suka ajiye, ba sa shuka sabo. Ka rubuta wannan a gefe."

Nakan yi dariya, in ce a raina tsoho da ƙarfin hali. Sau da yawa kuma bayan wata shida alƙalumanmu sukan zo su faɗi abin da ya riga ya faɗa, cikin shafi arba'in.

Aikina a ofishin bunƙasa ƙananan masana'antu yake. Shekara biyu da suka wuce aka gina mana abin da muke taƙama da shi, wato unguwar masana'antu: rumfuna arba'in a jere, rufin kwano mai sheƙi, ƙasa an shafe ta da fenti ruwan toka, can bayan gari tafiyar rabin awa a mota. Manufar ita ce a kwashe masu sana'a daga lunguna a tara su wuri ɗaya, su girma, su ɗauki ma'aikata. A takarda babu abin da ya kai shi kyau, ni na rubuta rabinsa. Sai dai wuta tana hannun wata ma'aikatar, hanya tana hannun wata, ruwa kuma har yau ban san hannun wa yake ba. Wata takwas rumfunan suna tsaye, ƙadangaru kaɗai suka tare.

Ina cikin kwamitin da ya karɓi ginin daga hannun ɗan kwangila, kuma ga yadda muka karɓe shi. Rana ta take, motar ofis kuma akwai sanyi. Muka zagaya rumfunan sau ɗaya a hankali, ba wanda ya sauka. Ɗan kwangila ya miƙo takarda ta taga, a ciki an rubuta cewa kankaren ƙasa taƙi guda ne, da rodi a ciki. Na ɗora takardar a cinyata na sa hannu, na miƙa wa na kusa da ni.

Sai labari ya zo cewa tawagar masu zuba jari da masu ba da tallafi za ta iso nan da mako shida, kuma abin da suka gani shi zai sa su amince da kashi na biyu na shirin ko su fasa. Daraktan ofishinmu ya tara mu yana ta share gumi. Ya ce ba zai nuna wa baƙi ƙadangaru ba, kowa ya je ya nemo masu sana'a. Ni da ba a tambaye ni ba na ɗaga hannu, na ce akwai mutum ɗaya wanda idan ya tashi, rabin layin bayan tasha zai bi shi, kuma a tafin hannuna yake. Haka na faɗa, a tafin hannuna. Darakta ya dube ni irin duban da na shekara tara ina jira.

Na sami Kawu yana cin abincin rana a kan benci. Na zuba masa duk abin da na iya: fili, iska, babbar ƙofa da mota za ta shiga, shekara biyu ba haya, manyan kamfanoni da za su riƙa ba da aiki. Ya bar ni na gama.

"Wuta fa?"

"Taransfoma tana hanya, Kawu. Wata ɗaya."

"Tana hanya." Ya yi murmushi. "Wannan na saba, ko nan ma ba kullum muke samu ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Kankaren ƙasan, kaurinsa nawa?"

"Taƙi guda, da rodi."

"Taƙi guda zai riƙe ta, in dai da gaske taƙi ne. Amma bari in je in fasa kusurwa ɗaya in zuba nawa, in ba shi kwana arba'in."

Na ce ba lokaci, kuma yarjejeniya ta hana fasa ƙasan rumfa. Wannan gaskiya ne, ni na rubuta sharaɗin, don kada masu sana'a su ɓata mana fenti. Ya ajiye cokali ya dube ni sosai.

"Mai Biro, takarda ce ta ce taƙi guda, ko kai ka gani da idonka?"

"Na gani, Kawu. Ina wurin aka zuba."

Ban yi ko in'ina ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan idan na tuna, yadda maganar ta fito sumul. Ya gyaɗa kai ya ɗauki cokalinsa, ya ce shi ke nan, tunda na gani.

Ranar tashi sai da aka rufe layin. Aka kawo motar ɗaga kaya, Kawu yana ta zagaya ta yana yi wa direba faɗa kamar ana ɗaukar mara lafiya. Mutum bakwai suka bi shi, ciki har da Mai Walda, maƙwabcinsa na shekara ashirin, wanda ya ce shi bai yarda da abin ba amma ba zai zauna ya rasa abokin gardama ba. Kafin mako ya zagayo mai shagon ya ba wani mai sayar da kayan waya, aka fasa kankaren Kawu da ƙyar aka shimfiɗa tayil. Rumfa ta tara aka ba shi. Ya kwana biyu yana saita ƙafafun Tsohuwa, ɗigon ruwa ya tsaya a tsakiya, ya ce to, ba laifi.

Ranar zuwan baƙi mun yi hayar janareta mun ɓoye shi a bayan rumfuna. Muka raba wa masu sana'a sababbin rigunan aiki shuɗɗa da hulunan kwano. Kawu ya juya hular a hannu ya tambaye ni ko ana sa ran wani abu zai faɗo daga sama, amma ya sa, don ni. Baƙin suka daɗe a rumfarsa fiye da ko'ina. Ya feraye musu wata 'yar sanda, ƙarfe yana zuba a murɗe yana sheƙi, masu hoto suna ta ɗauka. Shugabar tawagar, wata mata mai furfura da ƙaramin littafi a hannu, ta ce in tambaye shi abin da ya fi buƙata don aikinsa ya girma. Ni ne tafinta.

Kawu ya cire hular ya riƙe a ƙirji. Ya ce: "Ka gaya mata wutar nan ta haya ce, gobe za a ɗauke ta. A ba mu ta gaske. Na biyu, a daina canja mana doka duk shekara. Bara an hana shigo da kayan gyara, muka sayi ƙarfe muka tara, bana an buɗe, na waje ya cika kasuwa. Ko a buɗe ko a rufe, a tsaya a kan ɗaya mu san inda muka dosa. Ba na neman kyauta."

Darakta yana tsaye a bayan matar, idonsa a kaina. Na ari bakin Kawu na ci masa albasa. Na ce yana godiya ƙwarai da wannan wuri, kuma abin da yake fata shi ne ƙarin horo da hanyar kai kaya kasuwa. Matar ta rubuta.

"Maganata ta fi haka tsawo," in ji Kawu.

"Harshensu ne gajere, Kawu."

Mutanenmu suka yi dariya, baƙin ma suka taya su ba tare da sun san dalili ba. An amince da kashi na biyu. Hoton Kawu da hular kwano shi aka sa a bangon rahoton shekara, ni kuma aka ƙara mini girma, aka ba ni ofis mai labule.

Washegari aka ɗauke janareta. Taransfoma ta iso bayan wata uku, ba ɗaya ba, kuma wutar kwana uku take zuwa a mako. Masu kawo gyara suka ragu, don ba kowa zai ɗauki injin niƙa ya yi tafiyar rabin awa a hanyar da ba kwalta ba. Biyu daga cikin bakwai ɗin suka koma gari suna aiki a bakin titi. Kawu bai yi ƙorafi ba. Ya ce wanda ya san aikinsa zai biyo shi, kuma sun biyo shi, har damina ta sauka ta jiƙa ƙasa.

Da damina ta ja baya, shugaban ƙungiyar masu noman rani ya kawo masa aikin sanduna goma sha biyu na injinan ban ruwa. Mutumin nan shekara ashirin yana kawo wa Kawu aiki, ba ya ko dubawa idan ya zo karɓa. Bayan mako uku ya dawo da tara a cikin buhu, ya zube su a ƙofar rumfa a gaban mutane. Duk sun cinye boris, injina sun tsaya, ruwa ya yanke wa shuka a lokacin da ta fi buƙatarsa. Mai Walda ne ya ba ni labari a waya. Ya ce mutumin bai yi zagi ba, da ma zagin ya yi. Cewa ya yi, "Baba, girma ya zo. Ba laifinka ba ne, ido ba ya dawwama. Ka huta haka nan."

Ina jin haka na sha jinin jikina. Na san abin da ke sa sanda ta fito a karkace, tun ina yaro nake jin bayaninsa. Na tashi na rufe ƙofar ofis, na ɗauko fayil ɗin karɓar gini na dubi sa hannuna, na mayar da shi ƙasan sauran. Na ce wa kaina wataƙila ƙarfen ne ba shi da kyau. Na ce wataƙila da gaske idon ne, ai mutum ya haura sittin. Wato na gwammace a ce kawuna ya makance da a ce ban sauka daga mota ba.

Abin da ya biyo baya, daga bakin Mai Walda na tattara shi daga baya, don ni na ɗauke ƙafa daga rumfar, kullum ina da taro. Kawu yakan saita injin da safe, ɗigo ya tsaya a tsakiya. Ya yi aikin awa biyu, injin ya girgiza ƙasa, ya sake aunawa ya ga ɗigon ya gusa. Ya sake saitawa. Washegari haka. Mai Walda ya ce masa ƙasan nan ne, ya kawo guduma su fasa gefe su gani.

"An hana fasawa," in ji Kawu.

"Wa zai gani? Ni fa tun ranar farko idan na jefar da ƙarfe, ƙarar da nake ji ba ta kwanta mini ba."

"Mai Biro yana wurin aka zuba. Taƙi guda da rodi. Kana nufin ɗana ƙarya ya yi mini?"

Mai Walda ya ce daga nan ya bar maganar, don ya ga fuskar Kawu ta canja. Tunda ƙasa ba ta da laifi, kuma Tsohuwa ba ta taɓa yi masa gardama ba, saura mutum ɗaya. Kawu ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ne ba ya ganin ɗigon daidai. Ya daina karɓar aikin sanda, ya koma yin ƙananan abubuwa da kowa zai iya, noti da washa. Mutumin da ke korar aiki idan ƙarfen bai yi masa ba, ya koma yana tambayar Mai Walda, "Duba mini nan, daidai ne?"

Wata huɗu ina sane. Nakan je gida gaisuwa in tarar da shi a tsakar gida yana kallon hannuwansa, in yi maganar tsadar kaya, in ajiye abin da na kawo, in gudu.

Wata Talata da hantsi masinja ya ce wata dattijuwa tana nemana. Inna ce. Ba ta taɓa taka ofishinmu ba. Ta zauna a bakin kujera, ta ƙi shan ruwan da aka kawo, tana kallon rahoton da ke kan teburina mai hoton mijinta.

"Kawunka ya sayar da Tsohuwa," ta ce. "Shekaranjiya wani ya zo daga nesa ya ɗauke ta."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Ya je asibitin ido. Likita ya ce idonsa ya fi na wasu samarin, ya ce likitan yaro ne bai san aiki ba. Ya je kasuwa ya sayo tabarau da kansa, yana sawa yana tuntuɓe. Ni da na yi fushi ranar da ya sayi injin nan, ni ce na yi kuka da aka ɗauke shi. Shi ko uffan. Ba ya cin abinci, ɗan nan. Kai yake jin maganarka, ka je ka lallashe shi, ka ce masa tsufa ba abin kunya ba ne."

Ta zo neman taimako wurin wanda ya yi ɓarnar, har tana sa mini albarka da za ta fita. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Na same shi a rumfa ta tara yana tattara ƙananan kayan aiki a cikin akwati, tabarau a hanci. Wurin ya yi faɗi. Inda Tsohuwa ta zauna saura ramukan noti huɗu da tabon baƙin mai. Ya ɗago ya yi mini fara'a, ya ce yau manya ne a rumfarmu. Na tsaya a bakin ƙofa, don na san idan na zauna ba zan faɗa ba.

"Kawu, ban ga zubin kankaren nan ba."

"Na'am?"

"Ba na wurin. Ko sauka daga mota ban yi ba. Takarda aka miƙo mini na sa hannu. Ƙarya na yi maka."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Sannan ya juya, ya buɗe akwatin da ya rufe, ya ɗauko guduma. Ya je daidai inda ƙafar injin ta hagu take, ya ɗaga ya sauke sau ɗaya. Kan gudumar ya shige. Ya durƙusa ya ɓamɓare gutsuren da hannu, ya ɗaga shi. Yatsa biyu ne kaurinsa. A ƙarƙashi yashi ne mai laima, babu ko ƙyallin rodi.

Abin da ban zata ba, dariya ya yi. Ya miƙe da gutsuren a hannu yana ƙwala wa maƙwabcinsa kira.

"Mai Walda! Zo ka gani! Ashe ba idona ba ne! Wallahi ba idona ba ne!"

Ya cire tabarau ya jefa cikin akwati. Ya ɗaga hannuwansa biyu yana juya su, yana cewa alhamdulillahi, idonsa ya kawo ruwa. Mai Walda ya shigo da gudu, ya dubi ramin, ya dube ni, ya koma ya jingina da bango. Murnar Kawu ta ɗan jima. Ina tsaye ina kallo har idonsa ya sauka a kan ramukan noti huɗun nan, dariyar ta tsaya.

Na ce zan nemo wanda ya saya, ko nawa ne zan biya a dawo da ita. Ya ce mutumin ya riga ya zuba nasa kankaren tun kafin ya zo ɗauka, mai hankali ne, kuma shi bai taɓa sayar da abu ya koma yana roƙo ba. Sai ya tambaye ni a hankali.

"Yaushe ka gane ƙasan ne?"

"Ranar da aka dawo da sandunan."

Ya ƙirga da yatsu, ɗaya, biyu, uku, huɗu. "Wata huɗu. Kana zuwa gidana kana gaishe ni."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Riƙe haƙurinka, ba shi nake nema ba. Da mota ka zo?"

"Da ita na zo."

"To mu je. Akwai mutumin da ya ce in huta. Kai za ka gaya masa, da bakinka, yadda ka gaya mini."

Tafiyar awa ɗaya ce zuwa gonakin. Gutsuren kankaren yana kan cinyarsa. Muka tarar da shugaban masu noman rani a ƙarƙashin wata bishiya a bakin ruwa, da mutum kamar goma, sun kwance wani inji suna ta fama. Daga inda muka tsaya ana hango wani yanki na gonar da ya bushe ya yi fari. Suka tashi suka gaishe da Kawu da irin ladabin da ake yi wa wanda aka riga aka sallama.

Na faɗa. Na faɗi motar, da tagar, da takardar a kan cinyata, da abin da na ce wa Kawu a kan benci. Wani daga cikinsu ya ce in ɗaga murya ba sa ji, sai da na maimaita wurin da ya fi muni. Kawu ya miƙa gutsuren, ya bi hannu-hannu, kowa yana gwada shi da yatsunsa.

Shugaban ya cire hula ya shafa kai. Ya matsa wurin Kawu ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Baba, ka yafe mini. Na yi maka magana a gaban mutane, ashe ban san komai ba. Wallahi tun da muka bar ka ba mu huta ba. Na waje muke saya, wata ɗaya sun tashi aiki. Dubi wannan, yau kwana goma da sa ta."

Ya sunkuya ya zaro sandar daga injin da suka kwance. Kawu ya goge ta da gefen rigarsa, ya bi ta da babban yatsa daga wannan kai zuwa wancan, ya ɗaga ta ya saita da ido ɗaya.

"Nan ta kauce," ya ce, ya nuna da farce. "Kuma ƙarfen danƙo ne, ba zai yi ƙarko ba."

"Ka ji ko!" in ji shugaban, ya juya wurin mutanensa yana murna. "Ka ji mai aiki. To Baba, goma sha biyu muke so, kamar na da. Shuka ba za ta jira ba. Yaushe za mu zo mu karɓa?"

Babu wanda ya gaya masa an sayar da Tsohuwa. Kawu ya miƙa masa sandarsa, ya juyo ya dube ni. Ɗaya bayan ɗaya, mutanen nan goma suka bi idonsa suka juyo, suna jiran in faɗi ranar.